Yadda ake turke yis da sharar masana'antu har a sami man dizal

Duk wanda ya taɓa turke rago domin layya ya san yawan abinci kaɗai ba ya kawo kitse, sai an san abin da za a ƙara masa da abin da za a rage. Haka wannan aikin yake. Akwai wasu nau'o'in yis da idan aka cika su da sukari aka kuma hana su sinadarin naitirojin, sai su daina hayayyafa su koma tara mai a cikinsu, har man ya kai rabin nauyinsu ko ya fi. Wannan man kusan ɗaya yake da manja a ƙirarsa, don haka ana iya juya shi ya zama bayodizal, man da injin dizal ke sha ba tare da an sauya masa komai ba idan an gauraya shi da man gas ɗin da muka saba.

Abin ya daɗe. Jamusawa sun gwada shi a Yaƙin Duniya na Ɗaya lokacin da kitse ya yi musu wuya, kuma a shekarun 1980 masu bincike a ƙasar New Zealand sun kiwata yis da ruwan cuku domin samun mai irin na kokon da ake yin cakulan da shi. Abin da ya sa na damu da shi shi ne ba ya cin gona. Gyaɗa da waken suya da kwakwar manja abincinmu ne, kuma ba na goyon bayan a ɗebo su a zuba wa mota. Shi kuwa yis, abin da masana'anta ta rasa inda za ta zubar shi yake ci, kuma cikin mako guda ya ƙosa, ko da rani ko da damina.

Wannan jagora ta ɗalibi ce, ko malami, ko mai ƙaramar masana'anta da ke da damar shiga ɗakin gwaje-gwaje. Ba aikin ɗakin girki ba ne, domin akwai asid da metanol a ciki.

Mataki na farko: samo irin da ya dace

Yis ɗin masu burodi, wato Saccharomyces cerevisiae, ba zai yi ba. Shi idan ya ga sukari da yawa barasa yake mayar da shi, man da yake tarawa kaɗan ne. Ana kiran yis mai-mai ne idan man da ke cikinsa ya wuce kashi 20 cikin 100 na busasshen nauyinsa, kuma huɗu ne aka fi aiki da su.

Rhodotorula toruloides, wanda tsofaffin littattafai ke kira Rhodosporidium toruloides, shi nake ba mai koyo shawarar ya fara da shi. Yana cin sukarin rake, yana cin gilisarin (ruwa mai kauri da ke saura idan an yi bayodizal), yana cin sukarin da ake tatsowa daga kara da buntu, kuma yana da juriya. Launinsa ja-ja ne kamar ɓargon gwanda, don haka idan wata ƙwaya ta daban ta shiga faranti, ido kawai zai nuna maka. Lipomyces starkeyi yana iya narkar da sitati da kansa, shi ne na ruwan rogo, sai dai yana da nawa wajen girma. Cutaneotrichosporon oleaginosus, wanda a da ake kira Cryptococcus curvatus, shi ne mai cin sukarin madara, don haka shi ne na ruwan cuku. Yarrowia lipolytica kuwa gwanin gilisarin ne da tsohon man suya, amma yawancin irinsa na asali ba sa iya cin sukarin rake. Mutane da dama sun zuba shi a ruwan rake sun zauna jira, ba su ga komai ba.

Ana samun tsabtataccen iri daga ma'ajiyoyin ƙwayoyin halitta irin su ATCC da NRRL a Amurka, ko DSMZ a Jamus. Ana kuma iya tsamo jan yis daga ƙasa ko ganye ko ɓawon 'ya'yan itace, amma sai an tantance shi tukuna. A ajiye irin a faranti mai abincin da ake kira YPD, wanda a kowace litar ruwa ake sa giram 10 na tatsattsen yis, giram 20 na fefton, giram 20 na gulukos, da giram 20 na aga domin ya daskare. A sa a firji, a riƙa sabunta shi duk wata.

Mataki na biyu: nemo sharar, a kuma gyara ta

Nan ne riba ko asara take. A lissafi, giram 100 na gulukos ba zai ba da mai fiye da giram 32 ba, a aikace kuwa wanda ya sami 20 zuwa 22 ya yi ƙoƙari. Ke nan kilo guda na mai yana cin kusan kilo biyar na sukari. Wanda ya je kasuwa ya sayo buhun sukari domin wannan aiki ya faɗi tun kafin ya fara.

Mafi sauƙin sarrafawa shi ne molasis, baƙin ruwan nan mai kauri da ke saura bayan masana'antar rake ta cire sukarinta, irin wanda ake samu a Numan ta jihar Adamawa da Sunti ta jihar Neja. Kusan rabin nauyinsa sukari ne. A tsinka shi da ruwa, a ɗiga asid ɗin salfa kaɗan har ma'aunin tsami na pH ya sauko wajen 4, a dumama, a bar shi ya kwana. Da safe za ka tarar da laka a gindin mazubi. A tsiyaye na sama, a zubar da lakar. Illarsa ita ce yana da masu nema, masu yin barasar masana'antu da masu haɗa abincin dabbobi, don haka ba kyauta ba ne.

Ɗanyen gilisarin kuwa daga aikin bayodizal ɗin kansa yake fitowa: duk kilo 100 na bayodizal yana barin kimanin kilo 10 nasa. Yakan zo da metanol da sabulu da gishiri a jikinsa. A dumama shi a wuri mai iska har metanol ya fita, sannan a ɗiga asid har pH ya sauko wajen 3. Sabulun zai warware ya taso sama kamar maiƙon romo, a kwashe shi, a ɗauki na tsakiya, wato gilisarin ɗin, a maido da pH wajen 6.

Ruwan da ke tsiyaya idan ana matse rogo a wuraren yin garin kwaki da sitati ya fi komai yawa a Nijeriya, tunda babu ƙasar da ta kai ta noman rogo a duniya. Duk wanda ya bi ta bayan irin waɗannan wurare ya san warinsa, ya kuma ga yadda ciyawa ke mutuwa a inda yake kwanciya. Yana da dafin sayanaid, don haka a tafasa shi a buɗaɗɗiyar tukunya a fili, kada a rufe kuma kada a tsaya kan tururinsa. A kuma yi aiki da shi tun yana sabo, domin idan ya kwana biyu ƙwayoyin tsami sun riga ka cinye sukarin.

Akwai kuma busasshiyar shara: tuƙar rake, totuwar masara, buntun shinkafa da ke tsibi-tsibi a bayan injinan casa. Sukarin waɗannan a ɗaure yake. Sai an niƙa, an jiƙa a ruwa mai kashi 1 cikin 100 na asid ɗin salfa, an dafa a tukunyar matsi a digiri 121 na kimanin awa guda. Dahuwar kan haifar da wasu sinadarai irin su farfural da asid ɗin binega waɗanda ke kassara yis. Maganinsu shi ne a zuba farar ƙasa jiƙaƙƙiya har pH ya kai 10, a tace, a maido da shi 6, ko a bi da ruwan ta garin gawayi da aka sarrafa domin tacewa. Mai koyo ya bar wannan sai ya ƙware da molasis.

Mataki na uku: haɗa abinci, inda asirin yake

Yis yana buƙatar kabon, wanda yake samu daga sukari, domin ƙarfi, yana buƙatar naitirojin domin gina furotin da haifar 'ya'ya. Muddin duka biyun suna nan, hayayyafa kawai yake yi, ƙwayoyin su yi yawa amma ramammu. Da zarar naitirojin ya ƙare alhali sukari na nan, sai hanyar da yake ƙona abinci ta toshe a tsakiya, wani sinadari mai suna sitiret ya taru. Yis mai-mai yana da wani inzayim, wato furotin mai sarrafa sinadarai, da ke datsa wannan sitiret ya mai da shi tubalin gina kitse. Na masu burodi ba shi da wannan inzayim, shi ya sa ko an hana shi naitirojin ba ya ƙiba.

Don haka dole a yi lissafin adadin kabon kan naitirojin. Idan kabon bai wuce ninki 20 ba, girma za a samu ba mai ba. Yawanci ana nufar tsakanin ninki 60 zuwa 100. Ga misali: lita guda mai giram 60 na gulukos tana da giram 24 na kabon, wato mol 2 (mol shi ne ma'aunin ƙidayar sinadarai). Idan ana son ninki 80, ana buƙatar mol 0.025 na naitirojin, wato giram 0.35. Takin yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ne, don haka kimanin giram 0.76 ya isa litar gaba ɗaya. Ka auna shi a sikeli ka gani, bai fi abin da za ka ɗauka da yatsu biyu ba. Hannun mutum kan yi ƙaiƙayi ya ƙara, yana ganin kamar tausayi ne. Kada a ƙara.

Kuskuren da na fi gani shi ne mantawa cewa sharar kanta tana da nata naitirojin. Molasis da ruwan cuku sukan zo da wanda ya isa, wani lokaci har ya yi yawa. A auna shi a ɗakin gwaji kafin a ƙara ko ƙwaya. Shi kuwa gilisarin kusan babu komai a cikinsa, shi ya sa haɗa shi da molasis kan daidaita lissafin. Bayan wannan, a sa ɗan gishirin fosfet na fotasiyam, giram 1 zuwa 2 a lita, da rabin giram na magnisiyam salfet, a tsayar da pH tsakanin 5.5 da 6. A dafa duka a tukunyar matsi a digiri 121 na minti 15 domin kashe baƙin ƙwayoyi, a bari ya huce sarai.

Mataki na huɗu: shuka da reno

A fara da tada iri. A ɗebo ɗan yis daga faranti da waya da aka ƙona a wuta, a sa a mililita 50 na ruwan YPD, a girgiza na kwana ɗaya zuwa biyu. Daga nan a zuba kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na wannan a cikin abincin sharar.

Waɗannan yis ba sa rayuwa sai da iska. Kwalbar gilashi mai cin mililita 250 kada a zuba mata fiye da 50, a toshe bakinta da auduga, a ɗora a injin girgiza mai juyi 150 zuwa 200 a minti. Zafin da suke so digiri 28 zuwa 30 ne. A wurinmu wannan babbar magana ce, domin a watan Maris da Afrilu ɗaki a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi kan wuce haka nesa, kuma yis ɗin kansa yana fitar da zafi yayin da yake ci. Idan babu na'urar sanyaya ɗaki, a dasa kwalaben a baho mai ruwa, ko a tsara aikin ya faɗo cikin hunturu.

Kwana biyun farko ruwan zai yi kauri ya sauya launi. Daga kwana na uku ne mai ke fara taruwa. A riƙa ɗibar ɗigo kowace rana a duba a madubin ƙara girma. Da farko ƙwayoyin ƙanana ne, da yawansu da ɗan toho a gefe. Zuwa kwana na huɗu ko na biyar tohon ya ragu, ƙwayar ta kumbura, za ka hango ɗigo ɗaya ko biyu a cikinta suna sheƙi kamar ɗigon man gyaɗa a kan kunu. Idan aka sa rinin da ake kira Sudan Black B, ɗigon zai koma baƙi-shuɗi. Ranar da na fara ganin wannan da idona na daɗe ban ɗaga kai daga madubin ba.

Wutar lantarki ita ce babbar damuwa. Akwai lokacin da wuta ta ɗauke mana da dare, injin girgiza ya tsaya har wayewar gari. Da safe yis ya kwanta a gindin kwalabe, kuma bai sake farfaɗowa yadda ya kamata ba, aikin kwana huɗu ya tafi. Tun daga nan ba na shuka iri sai na tabbatar akwai batir ko sola a bayan injin.

A kuma riƙa auna sukarin da ya saura. Idan ya ƙare aka bar yis a haka, zai juya ya fara cin man da ya tara, kamar raƙumi da tozonsa. A girbe lokacin da sukari ya kusa ƙarewa, yawanci tsakanin kwana biyar da bakwai. Wanda yake da tankin reno mai hura iska yana iya ba da abinci kaɗan-kaɗan maimakon a tashi ɗaya, domin sukari mai yawa tun farko yana danne girma. Da wannan dabara masu bincike a Dalian ta ƙasar Sin suka ba da rahoto a 2007 cewa sun sami fiye da giram 100 na busasshen Rhodotorula toruloides a kowace lita, kashi 67 cikin 100 nasa mai. Da tsabtataccen gulukos suka yi. Da shara a kwalba, wanda ya sami giram 10 zuwa 20 a lita da mai kashi 30 zuwa 40 ya kama hanya.

Mataki na biyar: girbi da fasa ƙwaya

A raba yis da ruwa a injin juyi na santirifuj, a wanke sau biyu, a busar a digiri 60 har nauyi ya daina raguwa, a rubuta nauyin.

Ba za a matse shi kamar tunkuza mai ya fito ba, domin ƙwayar ta yi ƙanƙanta kuma bangonta na da tauri. Sai an fasa. A ɗakin gwaji ana jiƙa giram guda na busasshen yis a kimanin mililita 10 na asid ɗin haidirokuloric mai ƙarfin mola 4, a ajiye a ruwan zafi wajen digiri 78 na awa ɗaya zuwa biyu. Ana kuma iya niƙa shi da ƙananan duwatsun gilashi. Bayan haka a zuba abin da zai janyo man. Domin aunawa, ana bin hanyar Folch ta 1957, kulorofom kashi biyu da metanol kashi ɗaya. Domin aiki mai yawa an fi amfani da hekzen, irin wanda masana'antun man waken suya ke amfani da shi. A ɗebe ɓangaren da mai yake, a ƙafar da shi ta na'urar da ke maido da tururi ruwa domin a sake amfani da hekzen ɗin. A raba nauyin mai da nauyin busasshen yis, wannan shi ne makin aikinka.

Mataki na shida: juya mai ya zama bayodizal

Ɗanyen mai ya yi wa injin dizal na zamani kauri. Kowace ƙwayarsa gilisarin ce ɗaya riƙe da jelar kitse uku, aikin shi ne a cire gilisarin a ɗaura wa kowace jela metanol.

A fara auna tsamin man. Man yis yakan zo da sakakken asid ɗin kitse, musamman idan da asid aka fasa ƙwayar. Da soda ake yin juyin, kuma matan da ke yin sabulu sun san abin da ke faruwa idan soda ta haɗu da irin wannan mai: sabulu ake samu. Idan sakakken asid ya wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100, a fara dafa man da metanol mai yawa da kashi 1 na asid ɗin salfa a digiri 60 na awa guda, a cire ruwan da ya fito, a sake aunawa.

Idan ya sauko, ga ma'auni na giram 100 na busasshen mai: mililita 28 na metanol, wanda shi ne ninki shida a lissafin mol, da giram 1 na fotasiyam haidiroksaid, ko abin da bai kai giram guda ba na sodar sabulu. A narkar da sodar a metanol tukuna har kada ƙwaya ta saura. A dumama man zuwa digiri 55 ko 60, a zuba haɗin a hankali, a rufe, a juya na awa guda. Kada zafi ya kai 65, domin a nan metanol ke tafasa ya gudu.

Metanol yana makantarwa yana kashewa, ta sha, ta shaƙa, ta fata, kuma harshen wutarsa da ƙyar ake ganinsa da rana. A sa safar hannu da tabarau, a buɗe tagogi, a yi dumama da ruwan zafi ko farantin lantarki, kada a kusanto da risho ko gawayi. Kada a yi amfani da tukunyar alminiyam, soda tana cin ta.

A juye a mazurarin rabewa a bar shi ya kwana. Gilisarin mai duhu zai kwanta ƙasa, bayodizal ya tsaya sama. A tsiyaye gilisarin a adana, abincin yis ne na zagaye na gaba. A wanke bayodizal da ruwa mai ɗumi a hankali, ba girgiza, sau uku ko huɗu har ruwan wankin ya fito garau. A dumama shi kaɗan sama da digiri 100 har hazo ya washe. Na jan yis yakan fito da launin ruwan goro saboda sinadarin karotin da ke ciki, wannan ba aibu ba ne.

Mataki na bakwai: gwaji kafin inji

Akwai gwaji mai sauƙi: a zuba mililita 3 na bayodizal a mililita 27 na metanol a zafin digiri 20, a girgiza. Idan ya narke tas, juyin ya kammala. Idan ɗigon mai ya kwanta a ƙasa, a sake dafawa da ƙarin metanol da ɗan soda. Gwajin hukuma kuwa yana bin ma'aunin EN 14214 na Turai ko ASTM D6751 na Amurka. Na Turai yana neman tsantsar bayodizal ta kai kashi 96.5 cikin 100, kauri tsakanin 3.5 da 5.0 a digiri 40, ruwa kada ya wuce miligiram 500 a kilo.

A fara da kashi 5 cikin man gas a ƙaramin janareta ko injin ban ruwa, a hau zuwa 20 idan babu matsala. A riƙa duba matatar mai, domin bayodizal yana wanko dattin tsohon tanki, yana kuma tausasa tsohuwar tiyo ta roba. Man yis mai yawan kitse mai daskarewa yakan yi hazo da sanyi, don haka mai aiki a Jos cikin hunturu ya gwada ɗan kaɗan a firji tukuna.

Maganar kuɗi ba na ɓoye ta. Har yanzu litar man yis ta fi ta man gas tsada, saboda wutar hura iska da busarwa da sinadaran fasa ƙwaya. Kamfanin Neste na ƙasar Finlan ya buɗe masana'antar gwaji ta irin wannan mai a Porvoo a 2012, bayan shekara biyu ya dakatar da ita. Inda lissafin ke iya tashi shi ne inda mai masana'anta yake kashe kuɗi wajen kawar da shararsa, kuma tankin yis yana jikin katangarsa, babu kuɗin jigila. Sai a haɗa da sayar da jan launin ga masu abincin kaji da kifi, da dusar yis mai furotin idan an tabbatar babu sauran hekzen a jikinta. Domin haka tun zagayen farko a buɗe littafi: giram nawa na sukari ya shiga, giram nawa na busasshen yis ya fito, giram nawa na mai, awa nawa injin ya yi yana cin wuta. A yi kowane gwaji a kwalba uku, kuma kada a sauya fiye da abu ɗaya tsakanin zagaye da zagaye.